Dodo Mai Ƙaho da Dodo Mai Ciniki

Duk gidan da ke da samari a yau, a Kwatano yake ko a Lome, a Kumasi ko a Yawunde, sai ka tarar ana gardama a kan wasan bidiyo. Galibi kuma gardamar ba ta nisa. Uba ya ce ɓata lokaci ne, ɗa ya ce Baba bai gane ba, uwa ta karɓe wayar ta kulle a durowa, gobe a sake. A gidanmu abin ya wuce haka, don ni abincina a wannan harkar yake. Shekarata goma sha huɗu ina sayar da wayoyi da na'urorin wasa na hannu a Kwatano, kuma ƙa'idata ce ba na sayar da faifan da ban san abin da ke cikinsa ba. Saboda haka na buga da yawa, wasu har ƙarshe.

Yayana shi ya kawo ni garin nan, shi ya ba ni jarin farko. Shadda da atamfa yake sayarwa, kuma ya daɗe yana tanadar wa ɗansa na fari kujera a shagon. Yaron yana da shekara goma sha tara, ya gama sakandare da sakamako mai kyau, sai ya ce shi ba awon yadi yake so ba, so yake ya koyi ƙera wasan bidiyo. Yaya bai yi masa faɗa ba. Ni ya kira. Ya ce, “Kai ka cusa masa wannan abin, kai za ka cire masa.” Wata shida muka yi muna ja-in-ja mu uku, kuma abin da ake ja a kai ba ƙarami ba ne: makomar yaro, da amanar da ke tsakanina da wanda ya riƙe ni, da mutuncin sana'ar da nake ciyar da iyalina da ita.

Bari in fayyace irin wasan da nake nufi, don ba ƙwallo ba ne, ba kuma tseren mota ba. Wanda samari ke kira RPG ne. Za ka shiga rigar wani jarumi a wata duniya ta almara, duniyar takubba da sarakuna da matsafa da dodanni. Kana tafiya gari-gari, mutane suna tare ka suna ba ka aike, abin da yara ke ce wa mishan. Akwai babban aike, wato ƙashin bayan labarin, akwai kuma ƙanana a gefen hanya. Kana cika su kana samun kuɗi da makami da ƙarfi. Wasa ɗaya yakan ci sa'a hamsin, wani ma ɗari. Masu ƙera su da masu buga su, daga Amurka har Japan, sun daɗe suna musu a kan abu biyu: yadda za a ɗinke ƙananan aiken nan da babban labari, da kuma siffar da za a ba mugun da ake yaƙa. Wannan musun ne ya shigo tsakar gidanmu.

Matsayin Yaya ɗaya ne: abin da aka cika da hotunan shaiɗanu ba ya shiga gidan Musulmi, balle ya zama sana'ar ɗansa. Matsayin yaron kuwa, wasa wasa ne, dodon da ya fi ban tsoro shi ya fi kyau, aike kuma gwargwadon yawansa gwargwadon daɗinsa. Ni na saɓa da su biyun, kuma a wuri ɗaya. Su fuskar dodon suke kallo, ni kuwa abin da ya zo nema a wurinka.

Mu fara da aike, don ɗan kasuwa ya fi kowa saninsa. Ranar da aka ji za ka gida, saƙo zai yi ta zuwa. Wannan ta kawo ƙullin magani a kai wa mahaifiyarta, wancan ya kawo jaka ashirin a miƙa wa matarsa. Saƙon da ke kan hanyarka, Faraku ko Malanbil ko Gaya, ba ya yi maka nauyi, har yakan buɗe maka ƙofa: ka kai, a ba ka ruwa, a gaya maka yadda albasa take a kasuwar gaba, ka yi sabon sani. Amma akwai saƙon da zai sa ka sauka daga mota ka yi ratsen yini guda, ka kai abin da mai shi ma bai damu da shi ba. Kana isa a ce maka “ajiye nan”, shi ke nan. Aiken wasa ma haka yake, iri biyu.

Ɗauki Skyrim, na kamfanin Bethesda a Amurka, wanda ya fito a 2011 kuma har yau ana nemansa a shagona. Labarinsa wai wani ƙaton dodo mai fukafukai, Alduin, ya dawo zai cinye duniya, kai kaɗai ne za ka iya tare shi. To amma babu abin da ke korar ka. Kana iya barin duniya tana jiran halaka ka tafi ka yi aure, ka sayi gida, ka koyi ƙira. Sun kuma saka wani tsari da ke haifo aike da kansa ba iyaka: je kogo kaza ka kashe shugaban 'yan fashi, je kango kaza ka ɗauko takobi. Ka dawo a biya ka, a sake tura ka wani kogon. Garin da ka raba da 'yan fashin bai ma san ka yi ba. Farashi bai sauka ba, ba wanda ya koma gonarsa.

Yaron ya ce, “Baffa, ai daɗin ke nan. A shago Baba ne ke cewa yi kaza, a makaranta malam ne. A nan ni nake zaɓa.” Ban raina wannan magana ba. Yaron da ya tashi tsakanin harsuna uku, Hausa a gida, Faransanci a aji, yaren Fon a titi, ko'ina ya juya akwai mai gyara masa magana. Ba mamaki ya so duniyar da ba mai gyara masa komai. Amma na ce masa, zaɓi tsakanin kogo goma masu kama ɗaya, kamar mai shago ne ya jera maka kwali goma na kaya iri ɗaya ya ce ɗauki wanda ranka yake so.

Kamfanin nan da kansa ya taɓa warware matsalar a Morrowind, a 2002. Kana isa garin Balmora, jami'in leƙen asirin da aka tura ka wurinsa, Caius Cosades, zai dube ka ya ga ɗanye ne kai. Sai ya ba ka kuɗi 200 ya ce je ka shiga wata ƙungiya, ka yi 'yan ayyuka, mutane su san ka da wata sana'a, sannan ka dawo. Da wannan 'yar maganar, duk ƙananan aiken suka shiga cikin babban labari, yawonka ya zama cika umarni. Haka Yaya ya yi mini shekarar da na zo: ya ɗora mini tiren batir da tocila ya ce in zaga kasuwar Dantokpa wata uku kafin in zauna a shago.

Mu ma ba baƙin wannan hikima ba ne. Duba labarin Bayajidda. Ba wanda ya tare shi a ƙofar Daura ya ce ga aike, kashe maciji a ba ka lada. Baƙo ne ya sauka gidan wata tsohuwa da dare, ya nemi ruwa, aka ce babu, don macijin rijiyar Kusugu ba ya bari a ɗiba sai ranar Juma'a. Ƙishirwarsa ita ce ta aike shi. Matsalarsa da matsalar gari abu ɗaya ne. Da ya sare kan macijin kuwa gari ya canza: ruwa ya samu kullum, sarauniya ta aure shi, sarauta ta ɗauki sabon salo. Shekara nawa ana ba da labarin nan, ba wanda ya taɓa tambayar me ya kai shi rijiya.

A wasannin zamani, wanda ya fi kusa da wannan a wurina shi ne The Witcher 3, na kamfanin CD Projekt Red a ƙasar Folan, wanda ya fito a 2015, aka gina shi kan littattafan Andrzej Sapkowski. Jarumin, Geralt, farautar dodanni ce sana'arsa, kuma ba kyauta yake yi ba. Har ciniki ake yi, ka nemi ƙari, in ka matsa da yawa mai aikin ya fusata. Yana neman 'yar riƙonsa, Ciri. Sawunta ya kai shi wurin wani shugaban mayaƙa da ake wa laƙabi da Bloody Baron, mashayi, mai riƙe da wani yanki da yaƙi ya ɗaiɗaita. Mutumin ya san inda yarinyar ta bi, amma ya ce ba zai faɗa ba sai an nemo masa matarsa da 'yarsa da suka ɓace. Ba ni gishiri in ba ka manda.

Kana bincike sai ka gano gudu suka yi, don yana dukan matar. A daren da suka gudu ta yi ɓari, shi kuma ya binne jaririyar a ɓoye, ba suna, ba addu'a. Abin da ya binne shi ne ya taso ya zama dodon wannan babi, wata 'yar halitta mai muni da ban tausayi. Kana iya kashe ta. Kana kuma iya sa uban ya ɗauke ta a hannunsa, ya taka da ita cikin dare har gida, ya raɗa mata suna, ya nemi gafararta, ya binne ta a bakin ƙofarsa. In ka yi haka, ruhinta ne zai nuna maka hanyar da uwar da yayarta suka bi. Wannan almararsu ce, ba tamu ba, amma duba ɗinkin. Laifin mutumin ne ya yi ƙafa ya zama dodo, maganin dodon shi ne mutumin ya amsa laifinsa, amsawar kuma ita ta buɗe hanyar tafiya. Cire ɗaya, sauran su zube. Na ga ƙato mai gemu ya kai wurin nan ya tsayar da wasan ya fita shan iska.

Wannan ya kawo mu ga siffar dodo. Yaron Diablo ne gwaninsa, na kamfanin Blizzard, wanda na biyunsa ya fito a 2000, na huɗu a 2023. A can shaiɗanu runduna-runduna suke, masu ƙaho da kofato da haƙora, suna fitowa kana sara suna zubar da zinariya. Ba na musun gwanintar masu zanen. Amma dodon da ka kashe dubunsa kafin magariba ya daina zama abin tsoro, ya koma buhun da ake zazzagewa. Ko a Diablo ɗin ma, abin da ya zauna a zukatan mutane shi ne ƙarshen na farko: jarumin ya sauka hawa 16 a ƙarƙashin majami'ar garin Tristram, ya kashe mugun, sannan ya ɗauki dutsen da aka ɗaure shi a ciki ya soka a goshinsa, yana ganin shi zai iya riƙe shi. A wasa na biyu sai ga shi ya zama masaukin mugun. Girman kai ke nan, kuma kowa ya san mai irinsa.

Jar fatar nan da kofato da fukafukan jemage daga zane-zanen Turai suka fito, masu wasa suka gada. Har sunayen da muka sani sun ara sun yafa musu wannan riga. A jerin Final Fantasy na Japan akwai Ifrit tun 1990, ƙato mai ƙaho da wuta wanda kake kira ya yi maka yaƙi. Kalmar kuwa ita ce ifiritun da ya zo a Suratun Namli, cikin ƙissar Annabi Sulaimanu. Sun ɗauki suna sun bar ma'ana. Mu abin da aka fi nanata mana game da Shaiɗan tun muna makarantar allo aikinsa ne: waswasi, alkawarin ƙarya, ƙawata mummuna har ya yi kyau, sannan ya zame ya bar ka ranar biya. Wanda ya tashi da wannan tarbiyya ya san cewa mugun da ya zo da ƙaho ya yi maka rangwame, tunda tun daga nesa ka hango shi.

Shi ya sa a duk dodannin da na gani a allo, wanda ya hana ni barci ba shi da ƙaho ko ɗaya. Gaunter O'Dimm sunansa, a ƙarin labarin The Witcher 3 mai suna Hearts of Stone. Mutum ne mai askakken kai da tufafin matafiya, ya ce shi ɗan koli ne mai tallan madubi. Ba ya ihu, ba ya kuma karya alkawari. Yana zuwa ne lokacin da ka matsu. Ya sami wani ɗan babban gida, Olgierd, wanda bashi ya cinye gidansu har iyayen budurwarsa suka fasa ba shi ita. Ya mayar masa da dukiya, ya ba shi matar, ya ba shi ran da takobi ba ya ɗauka. Kuɗin kuwa ran ɗan'uwansa ne, sannan zuciyarsa ta bushe har matar da ya yi abin dominta ta zame masa kamar kujera a ɗaki.

Olgierd ya ɗauka ya yi wayo. Ya sa sharaɗi cewa ba za a karɓi ransa ba sai an cika masa buƙatu uku masu wuya, kuma sai ranar da su biyun suka tsaya a kan wata. Wa zai hau wata? Ranar biya aka haɗu a wani tsohon wurin bauta, ƙurar daɓen ta yaye, sai ga hoton wata a ƙarƙashin ƙafarsa. Daga tatsuniyar mutanen Folan aka ɗauko wannan, ta Pan Twardowski, wanda ya ce Iblis ba zai kama shi ba sai a birnin Rum, aka kama shi a wata mashaya mai suna Rum. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sa hannu a takardar bashi yana cewa “kafin lokacin Allah zai kawo mafita” ya san wannan ɗan kolin, ya zauna da shi, ya sha shayinsa. Kuma kai mai wasan ma yana bin ka bashi, don shi ya fitar da kai daga jirgin ruwan da aka ɗaure ka a ciki, ya buga maka tambari a fuska. Duk aiken da kake yi a wannan babi bashinsa kake biya. A nan dodon da aiken sun zama abu ɗaya.

Da na ba yaron wannan misali ya ce ai wannan dabarar Turawa ce. Na ce a'a, kakarka ma ta san shi. Tana yi mana tatsuniyar matar da ta je rafi da ciki, tulu ya gagare ta ɗauka, ba kowa a kusa, Dodo ya fito ya ce zai ɗora mata in ta yi masa alkawarin abin da ke cikinta. Ta ce to, don rana ta yi kuma gida da nisa. Shekaru suka wuce, ta manta, ranar bikin 'yar Dodo ya zo karɓar bashinsa. Inna ba ta taɓa gaya mana tsawon ƙahonsa ko launin fatarsa ba. Abin da ke sa mu matsa jikinta shi ne mun san uwar ce da bakinta ta ce to.

“Duk na ji,” in ji Yaya. “Mai ƙaho ne ko mai madubi, shaiɗan dai shaiɗan ne. Me ya kai ɗana zana shi?” Hukuncin zane da na wasa na malamai ne, kuma na ce masa ya kai musu tambayar. Abin da ni na gaya masa a matsayin mai sayarwa shi ne ba shi kaɗai ke da wannan damuwa ba. A Amurka iyaye da coci-coci sun tayar da ƙura a kan Dungeons & Dragons, wasan tebur na 1974 wanda shi ne kakan waɗannan wasanni, har kamfanin ya cire sunan shaiɗan da iblis a bugun 1989, daga baya ya dawo da halittun da wasu sunaye na ƙirƙira. Suna ya canza, abin yana nan. Don haka duban suna ko hoton bango ba ya kare yaro. A Skyrim ɗin nan, wanda bangonsa tambari ne kawai, akwai aiken da wata muguwar iska za ta ce ka jawo abokin tafiyar da ya amince da kai ka yanka mata shi, akwai wanda za a gayyace ka cin naman mutum. Kana iya ƙi, amma babbar ladar ta wanda ya yi ce. Wannan ya fi ƙaho dubu damuna.

A bangon galibin faifan da ke fitowa daga Turai akwai lamba a kusurwa: 3, 7, 12, 16 ko 18. The Witcher 3 da Skyrim da Diablo na huɗu duka 18 ne, kuma da dalili, don akwai jini da ashar, a wani har da tsiraici. Duk yabon da na yi wa labarin wasu daga cikinsu, ba na sayar wa yaro, ko da kuɗinsa a hannu, ko ya ce yayansa ne ya aiko shi. Ciniki nawa ya wuce ni a haka, kuma ina barci lafiya.

Shi yaron namu yana da littafin da yake zana wasansa a ciki. Ya zaɓi tsohuwar hanyar goro, wadda fatake ke bi daga Kano su ratsa Borgu, su ya da zango a Jugu da ke arewacin ƙasar nan ta Benin, su wuce Salaga a ƙasar Gonja. Kai ne ƙaramin yaro a ayari, kana so wata rana ka zama madugu. Wuri ya yi kyau. Amma aikensa na farko shi ne kashe kuraye goma, kawo fatu goma. A ƙarshen hanya kuma wani jan ƙato mai ƙaho huɗu yana jira a bakin kogi. Na yi masa tambaya uku, waɗanda nake yi wa kowane wasa. Me dodon yake so? Wa ya buɗe masa ƙofa? In an kawar da shi, me zai canza a gari? Ya yi fushi, ya ɗauke littafinsa, mako uku bai leƙo shagona ba.

Da ya dawo, jan ƙaton ya tafi. A madadinsa akwai wani dillali da kake tararwa a kowane zango, mai fara'a, ya san sunanka da na mahaifinka. Ba ya sayar da komai, saye yake yi, kuma ba goro ko jaki ba. A zango na farko zai sayi gajiyarka, ka riƙa cin tafiyar kwana biyu a yini ɗaya. A na biyu zai sayi tsoronka, 'yan fashi su daina razana ka. A na uku zai taya kewar gidan da ke zuciyarka, da farashin da zai sa ka fi madugu dukiya. In ka sallama, ba tsawa, ba wuta. Sai dai taswirar wasan za ta fara gogewa daga baya, garuruwan da ka baro su ɓace ɗaya bayan ɗaya, saƙonnin da aka ba ka ka kai gida su zauna a jakarka ba inda za ka kai su. Kana iya gama wasan a haka, ka zama attajirin Salaga. Kana kuma iya cewa albarka a kowane zango, ka isa a gajiye da 'yar ribarka, hanyar komawa tana nan.

Na ce, “Kai, a ina ka samo wannan?”

Ya ce, “Baffa, shekara nawa rabon Baba da gida?”

Tara ne. Ban ba shi amsa ba, don ya fi ni sani.

Ni na kai wa Yaya littafin, ban ƙara masa bayani ba. Kwana biyu yana wurinsa. Bai sauka daga ra'ayinsa a kan faifan da nake sayarwa ba, har yau in ya shigo shagona baya yake juya musu. Abin da ya ce kawai shi ne, “Ja'irin yaron nan wa'azi ya yi mini.” Sannan ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa yin wannan aiki a ɓangarenmu na duniya. Na gaya masa akwai Kiro'o Games a Yawunde, kamfanin Olivier Madiba, da suka fitar da Aurion a 2016, wasa irin wannan mai sarki da sarauniya 'yan Afirka, bayan shekaru suna fama da ƙarancin jari da ɗaukewar wuta. Na kuma gaya masa gaskiya: hanya ce mai wuya, ribarta ba tabbas, amma ilimin kwamfutar da yaron zai koya yana da kasuwa ko wasan bai fito ba. Muka tsaya a kan shekara ɗaya. Safe zuwa azahar yana shago, da yamma yana makarantar kwamfuta, rabin kuɗin a wuyana. In shekara ta cika za mu sake zama.

Ga iyaye 'yan'uwana, ƙwace waya yana da ranarsa, amma kafin nan a gwada zama kusa da yaron na rabin sa'a. A duba lambar da ke bangon. Sannan a nuna abin da ke allon a tambaye shi: wane ne wannan, me yake so, me ka ba shi? In ya ce “kashe shi kawai nake yi”, to cika lokaci ne, a yanka masa sa'o'i kamar yadda ake yanka wa kowane abin cika lokaci. In kuwa ya fara ba ka labarin wanda ya ci bashin da ba zai iya biya ba, ko wanda ya binne laifinsa ya taso masa, to ka saurara, ka kuma ba shi naka labarin, don kana da su fiye da kowane faifai. Mu da muka bar gida don ciniki, in akwai abin da ya kamata 'ya'yanmu su gada a wurinmu kafin shago, shi ne sanin tayin da ake ce wa albarka.